Babban Yatsan Umara

An yi wani mutum a nan garinmu na Maiduguri. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, kuma yana da 'ya'ya mata da ba su yi wa kowa laifi ba. 'Yan keken Bolori suna kiransa Sakatare. Mu ma haka za mu kira shi, tunda ya rasa kujerar amma sunan bai sake shi ba.

Ya 'yan uwa, ba a kan kujera aka haifi Sakatare ba. Ɗan acaɓa ne. Shekarar da aka hana hawa babur a garin nan, ya wayi gari ba shi da abin yi sai zama a gindin dalbejiya yana kallon titi. Wanda ya ɗauke shi daga gindin bishiyar nan wani dattijon abokin sana'arsa ne mai suna Umara, mutumin Ajilari. Umara ya samu keke mai ƙafa uku na haya, sai ya raba yinin biyu. Shi ya tuƙa daga safe zuwa azahar, Sakatare ya karɓa daga azahar zuwa magariba. Shekara biyu suna haka. Matar Umara, Kellu, mai sayar da turaren wuta, kwano biyu take zuba abinci kullum. A lokacin Sakatare ba ya kiran sunan Umara kai tsaye, sai ya ce Ya Umara, kamar yadda ƙane ke kiran wansa.

Allah ya buɗa wa Sakatare. Yana da baki, yana da rubutu mai kyau, ya san wanda ake gaisarwa da hannu biyu. Ya sayi keke ɗaya, ya zama uku, ya zama tara. Aka zaɓe shi sakataren wani reshe na ƙungiyar direbobi. Ya gina gida a Galtimari, ya sa masa ƙofar ƙarfe. Umara kuwa yana nan inda yake, yana tuƙa na mutane. A hankali "Ya" ɗin nan ya faɗi daga bakin Sakatare. Babu wanda ya san ranar da ya faɗi.

Umara buri ɗaya yake da shi a duniya, ya mutu da keken da yake nasa. Sai ya je wurin tsohon ƙanensa, ya ɗauki keke bashi. Kun san tsarin. Mai keke ya saya, ya ninka kuɗin, direba ya riƙa biya mako-mako. Takardun keke da makulli na biyu suna hannun mai keke har sai an biya kobon ƙarshe. Na Umara mako ɗari ne, naira dubu goma sha takwas kowace Juma'a. A ƙasan takardar akwai layi ɗaya da ya ce wanda ya yi mako uku a jere bai biya ba, za a karɓe keke, abin da ya biya kuma ya zama kuɗin haya. Umara bai iya boko ba. Ya dangwala babban yatsansa, ya ce tsakaninsa da ƙanensa ai takarda al'ada ce kawai.

Ya biya mako casa'in da biyar. Bai taɓa kai Asabar ba.

Sai hukuma ta fito da sabon tsari na gyaran harkar sufuri. A takarda tsarin yana da kyau, kamar yadda komai yake da kyau a takarda. Kowane keke a sake masa fenti, a rubuta masa lamba a gefe. Kowane direba ya zo a ɗauki hotonsa, ya ɗora babban yatsa a kan na'ura. Keken da bai yi haka ba, ba ya hawa titi. Sannan za a kawo sababbin kekuna a rabin farashi, a raba wa direbobin da suka yi rajista, mutum ɗaya keke ɗaya. An ce don a taimaki talaka ne.

Wanda ya rubuta tsarin nan bai taɓa cin abinci da kuɗin fasinja ba. Bai lissafa cewa na'urar ɗaukar yatsa guda biyu ce, direbobi kuwa dubbai ba. Bai lissafa cewa na'ura tana son wuta, wuta kuwa ba ta son mu ba. Mutane suka kwashe kwanaki a layi. Wanda ya gama da layin yatsa ya koma layin fenti. Kuɗin fom, kuɗin fenti, kuɗin lamba, duk daga aljihun mutumin da kekensa ke jingine. Tukwane da yawa suka huta a Bolori da Ajilari a watan nan.

Umara ya yi kwana ashirin da uku bai ɗauki fasinja ba. Ranar da aka gama masa fenti ya tuƙa kai tsaye zuwa ofishin Sakatare, yana murna, don ya nuna masa sabuwar lamba. Sakatare ya fito, ya zagaya keken, ya yaba fentin, ya zare makulli ya sa a aljihu.

Umara ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Ya gaishe shi da Barbarci, ya ce, "Wushe, Sakatare. Ba ni makullin mana, in je in nemo maka kuɗinka."

Sakatare ya ce, "Juma'a nawa ke nan, direba?"

"Uku. Ai kai ka tura mu layin."

"Ni na tura ku layi, amma ba ni na dangwala maka yatsa a takarda ba. Saura mako biyar, dubu casa'in ke nan. Ka kawo su a dunƙule ka ɗauki kekenka. Wannan ma don kai ne."

Ya 'yan uwa, ku dubi wannan rahama. An karɓe wa mutum abin da yake neman kuɗi da shi, sannan an ce ya je ya nemo kuɗi. Kuma don shi ne.

Cikin makon nan Sakatare ya sayar da keken ga wani baƙo da ya loda shi a mota ya fitar da shi daga jihar. Manasse, makanikin da ke gyara wa reshen kekuna, shi ya ɗaure shi da igiya a bayan motar. Ya ce, "Oga, wannan ba na Baba Umara ba ne? Ni na san ƙarar injinsa." Sakatare ya ce masa makanike da hannu yake aiki, ba da baki ba.

Amma tsohon keke ba shi ne abin da Sakatare ke hange ba. Sababbin yake hange. Jerin sunayen reshe a hannunsa yake, kuma a zagayen farko sakatare ne ke sa hannu ya karɓa a madadin direbobinsa. Matsalarsa ɗaya, mutum ɗaya keke ɗaya. Shi kuwa goma sha biyu yake so.

Sai ya je sansanin 'yan gudun hijira. Ya samo magidanta goma sha ɗaya waɗanda ba su taɓa riƙe kan keke ba, ya ara musu rigunan direbobi, ya sa su a gaban layi. Kowa ya ɗora yatsa, ya karɓi dubu biyar, ya yi masa addu'a. Na goma sha biyu bai kashe masa ko sisi ba, domin Umara ya riga ya yi layinsa da ƙafarsa. Da sunaye suka fito, na Umara yana ciki. Sakatare ya aika masa cewa sunansa bai fito ba, ya yi haƙuri, komai rabo ne.

Kuɗin kafin alƙalami na keke goma sha biyu ba wasa ba ne. Sakatare ya sayar da tsofaffin kekunansa, waɗanda sabon tsari ya riga ya karya musu daraja, bai isa ba. Ya jinginar da gidan Galtimari. Ya zuba direbobi a kan sababbin, kuɗi suka fara shigowa kowace yamma. Ya je Umra a shekarar. Ya dawo da dabino, ya raba wa 'yan ƙungiya.

Shi kansa bai yi rajista ba. Wani ya tuna masa, ya ce shi yanzu ya wuce a ɗauki yatsansa tare da direbobi.

Umara fa? Yana da shekara hamsin da takwas. Masu keke suka ce ya tsufa, matasa sun fi shi gudu. Sai ya koma mai moya, wato mai tura kurar ruwa. Jarka goma sha biyu, daga fanfon burtsatse zuwa lungunan Ajilari, cikin rairayin da ke riƙe taya kamar yana bin ta bashi. Abokansa na da in sun hango shi sai su juya kan keke, don kada ya ji kunya. Kowace yamma yana ware wani abu daga cinikin, ya miƙa wa Kellu, ta sa a leda ta cusa ƙarƙashin kaskon turare. Bai san an sayar da keken ba. Manasse ya tashi faɗa masa sau biyu, sai ya ga yadda dattijon ke cewa "saura kaɗan," ya kasa.

Bayan wata goma aka yi sanarwar tantancewa. Hukuma ta ji ƙishin-ƙishin cewa kekunan talakawa sun tafi hannun waɗanda ba talakawa ba, abin ya ba ta mamaki ƙwarai. Aka ce duk wanda keke ya fito da sunansa ya zo da keken, ya zo da yatsansa, cikin mako biyu. Keken da mai shi bai zo ba, a kama.

Sakatare ya garzaya sansani. Ya tarar an rufe shi, an mayar da mutane garuruwansu. Ya yi kwanaki yana bin ƙauyuka da mota. Cikin goma sha ɗaya, uku ya samu. Ya kawo su, suka ɗora yatsa, ma'aikacin ya karanta wa kowa sunansa ya ce keken nan naka ne. Biyu daga cikinsu suka dubi juna, suka dubi Sakatare, suka ce ashe haka ne, suka nemi makulli a gaban jami'ai. Na ukun ya ji tsoro ya gudu, aka kama keken.

A nan ne Sakatare ya tuna yana da wa a Ajilari.

Ya tashi da hantsi ranar Talata, ya sayi buhun shinkafa ƙarami, ya tsara maganar da zai yi. Har ya gwada "Ya Umara" a bakinsa cikin mota, ya ji yadda zai fito. Da ya karyo kwanar lungun sai ya ga tabarmi a shimfiɗe, ga mutane tsaye, ga makara a ƙofar gida. Umara ya faɗi jiya da la'asar a bayan kurarsa, jarkoki cike, a tsakiyar rairayi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Aka ja Sakatare zuwa sahun gaba, domin kowa ya san tsohon amincinsu. Ya tsaya. Ga Umara a gabansa cikin likkafani. Ya 'yan uwa, me kuke zaton yana ransa? Daga baya shi da bakinsa ya faɗa wa Manasse, yana kuka. Ya ce idonsa na kan daidai inda hannun dama yake. Ya ce duk tsayuwar nan tunanin yatsan yake yi.

Kafin a yi salla liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi wa kowane mamaci. Duk wanda yake bin Umara bashi ya yi magana yanzu, kada a rufe shi da nauyin wani a wuyansa. Sai Babagana, ƙanen Kellu, ya fito daga zaure da baƙar leda a hannu.

Ya ce, "Malam, akwai. Ya bar wasiyya. Sakatare yana binsa mako biyar na keke, dubu casa'in. Ya tara tamanin da ɗaya. Ya Kellu ta cika tara da jarin turarenta yau da safe. Ta ce kada a ɗaga shi sai an biya."

Ya miƙa ledar. Tana ƙamshin turaren wuta. 'Yan ɗari biyu ne da 'yan ɗari, sun yi laushi saboda jiƙewa da bushewa.

Babagana ya ƙara da cewa, "Ta kuma ce ba sai ka yi gaggawar kawo keken ba, bayan sadakar uku ma ya yi. Abin da ya roƙa kawai, ranar da aka kawo a ajiye shi a ƙofar gida yini guda, maƙwabta su gani cewa ya gama biya."

Ya 'yan uwa, Allah ba ya kama bawa sai ya buɗe masa ƙofa. Wannan ita ce ƙofar Sakatare, a buɗe, a gaban mutum ɗari. Kalma huɗu ta ishe shi: ni ne yake bi. Da ya faɗa, da ya ji kunyar yini ɗaya.

Ya karɓi ledar. Ya ƙirga kuwa. Sannan ya ce, "Sun cika. Na yafe masa."

Aka yi salla, aka kai Umara, aka dawo.

Manasse yana gefe tun safe tare da sauran maƙwabta Kiristoci da suka zo ta'aziyya. Ya jira har aka zauna a tabarmi, aka yi addu'a, aka shafa. Sannan ya matso, ya cire hularsa, ya yi magana a hankali, amma kowa ya ji.

Ya ce, "Oga Sakatare, ka yi haƙuri, yau makanike zai yi aiki da baki. Wane keken za ka kawo wa Mama Kellu? Wanda na ɗaure maka a mota bara, ko sabon da na canja wa mai jiya, wanda sunan Baba Umara ke kan takardarsa?"

Babu wanda ya zage shi. Babu wanda ya taɓa shi. Mutanen da ke kusa da shi suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka koma wata tabarmar.

Sauran labarin gajere ne. Wa'adi ya cika, aka kama sauran kekuna tara. Kwamiti ya zauna, ƙungiya ta kore shi, waɗanda suka ci dabinonsa su suka fara ɗaga hannu. Mai bin bashi ya karɓe gidan Galtimari da ƙofar ƙarfensa. Ya yi wata huɗu a tsare kafin dangi su haɗa abin da aka yanke masa. Da ya fito ya je neman keken haya, ya koma inda ya fara. Aka ce ya kawo shaidar rajista. Mutumin da ya yi amfani da yatsun mutum goma sha biyu, nasa ba ya cikin na'ura. Rajista kuwa an rufe.

Kada ku zaci Kellu ta samu sabon keken da ya fito da sunan Umara. Babagana ya yi ta kai takarda ofis. Aka ce masa mai suna ne kawai zai karɓa da yatsansa. Ya ce mai suna ya rasu. Aka ce tsarin bai tanadi wannan ba, amma ana dubawa. Keken yana can a filin ajiya, tayoyi sun sace, rana ta cinye fentin. Kellu ta koma aikatau a gidajen mutane, domin jarin turaren nan bai dawo ba.

Ledar nan kuwa, Sakatare bai taɓa ta ba. Ya rasa gida, ya rasa mota, ya kwana da yunwa, ya kasa zare ko ɗari biyu. Bayan Kellu ta fita takaba, ya ɗauki ledar ya tafi Ajilari a ƙafa. Ya tsaya a zaure ya yi sallama. Ta amsa daga bayan labule.

Ya ce, "Ya Kellu, ni ne. Na kawo kuɗinku. Ki karɓa don Allah, ki yafe mini."

Ta matso kusa da labulen. Sannan ta ce, "Nawa na yafe, kwanon abinci ba a bin sa bashi. Amma kuɗin nan mijina ya biya bashi da su, a gaban liman. Wata goma yana tura ruwa don ya kwanta ba nauyi. In na karɓa, na mayar masa da bashin cikin kabari. Ka tafi da abinka."

Ya ce, "To shi fa? Wa zai yafe mini nasa?"

Ta ce, "Ka san inda yake. Kai ma ka raka shi."

Yau in kun bi ta garejin Manasse za ku ga wani mutum mai furfura yana wanke wa matasa keke, suna ce masa Sakatare, goge nan da kyau. Manasse ne ya ba shi wurin. In kun lura, aljihun rigarsa na ciki a kumbure yake. An ce har yanzu ledar tana ƙamshin turare.

Ya 'yan uwa, ba na faɗa muku labarin nan don ku ce ya yi daidai ba. Babu abin da ya yi daidai a ciki. Azzalumi ya faɗi, amma faɗuwarsa ba ta tashi Umara ba, ba ta ajiye keke a ƙofar Kellu ko na awa ɗaya ba.

Sabon tsari ya zo ya matse kowa, gaskiya ne. Mai keke ya yi asara, direba ya yi asara. Amma tsari bai zare makulli daga hannun Umara ba. Hannu ne ya zare, hannun da ya ci abinci a kwanonsa shekara biyu. Duk lokacin da aka canja doka, ana samun mutumin da ya fi maƙwabcinsa fahimtar takarda. Wannan fahimtar amana ce. Kai da ke riƙe da jerin sunaye, kai da takardun wani ke cikin akwatinka, kai da ka san layin ƙasan takarda alhali wanda ya dangwala bai sani ba, da kai nake.

Za ka ce doka tana gefenka. Tana gefen Sakatare ma. Mako uku aka rubuta, mako uku aka yi. Wane alƙali ne zai kama shi a kan wannan? Amma akwai ranar da ba a karɓar takarda, gaɓoɓi ne ke ba da shaida. Ranar yatsan Umara zai zo, ba sai an je nemansa ba.

Malamai sun koya mana cewa abin da ke tsakaninka da Allah, ka roƙe shi, mai yawan gafara ne. Abin da ke tsakaninka da mutum kuwa, sai mutumin. Kuma mutum ba kullum yake nan ba. Sakatare yana da wata goma. Kowace rana cikinsu Umara yana raye, yana tura kura a lungun da mota ke iya shiga, kuma duk wanda ya san shi ya san da an je da ya yafe kafin a gama roƙo. Sakatare ya tafi a rana ta farko da ba ta da amfani.

In akwai wanda ka zalunta kuma yana numfashi, kada ka jira ka gama karanta wani abu bayan wannan. Tashi ka je.

Allah ya jiƙan Umara da ire-irensa da suka faɗi a bayan kura. Allah ya dubi matan da suka bari. Allah kada ka sa hakkin wani ya kwana a aljihunmu, kada ka sa mu isa ƙofar wanda muka cuta mu tarar da tabarmi a shimfiɗe. Allah ya kiyaye mu. Amin.